Kuɗin Titi: Nawa Ne Rabon Mai Tafiya a Ƙafa?

Duk ƙarshen shekara gwamna yakan je gaban majalisar dokokin jiha ya gabatar da kasafin kuɗi, gidajen rediyo su kwana biyu suna maimaita alƙaluma: biliyan kaza ga ilimi, biliyan kaza ga lafiya, biliyan kaza ga ma'aikatar ayyuka. Daga nan sai a shiga wani zancen. Ba kasafai ake buɗe kason ma'aikatar ayyuka a leƙa cikinsa ba, alhali a can ne ake yanke yadda za ku je kasuwa, yadda yaranku za su tsallaka titi zuwa makaranta, da nawa kuɗin mota zai ci muku kafin wata ya ƙare. Tambayar da ya kamata a riƙa yi mai sauƙi ce: a kowace naira ɗari da aka ware wa tituna, nawa ce ta mai tafiya a ƙafa, nawa ce ta mai keke, nawa ce ta wanda ke tsaye yana jiran motar haya?

Waɗannan mutane su ne suka fi yawa, kuma da nisa. Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da muhalli da matsugunai suka fitar a 2022 ya ce fiye da mutum biliyan ɗaya a Afirka a ƙafa ko a keke suke zirga-zirgarsu ta kullum, suna shafe kimanin minti 56 a rana a kan hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Afirka, wadda motocinta ba su wuce kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba, ita ke ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan mace-mace, kuma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ke mutuwa a nahiyar ba a cikin mota suke ba, a ƙafa suke. Mai mota ma, da zarar ya ajiye motarsa a bakin kasuwar Kwari ko ta Sabon Gari, ya koma sahun masu ƙafa.

To, ina kuɗin ke tafiya? Wanda ya san Kano cikin shekara goma sha wani abu da suka wuce ya ga amsar da idonsa. An yi gadar sama a Ƙofar Nasarawa, an yi Gadar Lado, an haƙa ta ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa, an yi doguwar gada ta Sabon Gari, an yi ta Dangi da ta Hotoro, sannan aka ɗora da Tal'udu da Ɗan Agundi. Gwamnatoci sun canja, jam'iyyu sun canja, amma a kan gadar sama bakinsu ɗaya. Kaduna ta sabunta ta Kawo, Maiduguri ta yi ta Kwastan. Ba za a yi musun cewa wasu mahaɗun da a dā ake kwana a gosulo sun sami sauƙi ba. Abin da ya kamata ku sani shi ne wa gadar ke yi wa aiki, kuma har zuwa yaushe.

Gadar sama tana ɗauke mota daga mahaɗa guda ta sauke ta a mahaɗa ta gaba da sauri. Idan hanya ta buɗe, wanda a dā yake gudun fita da mota saboda cunkoso sai ya fito da ita, wanda yake bi ta wata hanya ya dawo wannan, wanda yake tunanin sayen fili kusa da gari ya saya can nesa tun da tafiyar ta yi sauƙi. Bayan 'yan shekaru hanyar ta sake cika. Masana sufuri sun daɗe da gane wannan, kuma misalin da suka fi kawowa shi ne babbar hanyar Katy da ke birnin Houston a Amurka. An kashe dala biliyan 2.8 aka faɗaɗa ta, aka gama a 2008, har wani wurin ta kai layi 26. Daga 2011 zuwa 2014 lokacin da mutane ke ɓatawa a kanta safe da yamma ƙaruwa ya yi.

Dalilin lissafi ne kawai. A ɗauki layi guda na titi mai faɗin mita uku da rabi. Idan ƙananan motoci ne a kansa, mutum kusan 2,000 zai wuce da su a sa'a guda. Idan bas-bas ne, kusan 9,000. Idan kekuna ne, kusan 14,000. Idan aka bar shi ga masu tafiya a ƙafa, kusan 19,000. Mota ita ce ta fi kowa cin wuri a kan mutum ɗaya, tana tafiya ta ci, tana ajiye ta ci. Birnin da jama'arsa ke ƙaruwa yadda Kano ke ƙaruwa ba shi da filin da zai ishi kowa ya fito da mota, ko da kowa yana da kuɗin sayenta.

Ga mai ƙafa kuwa, gadar kan zo da sabuwar wahala. A dā motoci suna rage gudu a shataletale, ya sami sarari ya tsallaka. Yanzu suna saukowa daga gada a guje, an sa shingen kankare a tsakiyar titi, unguwa guda ta rabu biyu. Tsohuwar da gidan 'yarta ke tsallaken titi sai ta hau adaidaita sahu ta zagaya ta biya kuɗi. Idan an tuna da ita, sai a gina gadar tsallakawa mai matakala masu yawa, wadda gurgu ba zai hau ba, mai ciki ba za ta hau ba, ɗan garuwa da kurarsa ba zai hau ba, mai baro ba zai hau ba. Sai a ce mutane ba su da tarbiyya don sun ƙi hawa. Ni a ganina, idan aka yi abu domin jama'a kuma mafi yawansu suka kauce masa, abin ne ya kamata a sake dubawa.

Me ya sa kuɗin ke ta gangarawa can duk da haka? Gada ana ganinta daga nesa, ana sa mata suna, ana yanka zare a buɗe ta gaban kyamara. Kwangila ce guda babba, wadda ta fi sauƙin bayarwa da sa ido fiye da ƙananan ayyuka ɗari biyu a lunguna. Sannan waɗanda ke tsara kasafin da waɗanda ke amincewa da shi a mota suke yawo, cunkoson da suke gani ta gilashi shi ne matsalar sufuri a wurinsu. Ba lallai ne mugunta ce ba. Wanda bai taɓa tsayawa minti goma da yara uku yana neman tsallaka titin Zariya ba, da wuya wannan ta faɗo masa a rai ranar rubuta kasafi.

Abin da Sebil ta yi da kuɗi kaɗan

Birnin Sebil a kudancin Sifen yana da mutum kusan 700,000, kuma yana cikin biranen da suka fi zafi a Turai. Da bazara zafin yakan haura digiri 40. Kafin 2006 hawa keke a can abin 'yan tsiraru ne, bai kai kashi 1 cikin 100 na tafiye-tafiyen gari ba. Hukumar birnin ta yanke shawarar yin hanyoyin keke, ta kuma yi su a wata siga da ta bambanta da yadda aka saba. Ba ta yi guntu nan guntu can ba. Ta zana taswirar hanyoyi masu haɗe da juna da suka ratsa unguwanni zuwa tsakiyar gari, ta gina kusan kilomita 80 cikin shekara biyu, daga baya ta kai su 120. Ta raba su da motoci da shinge na zahiri, ba fenti kawai ba. Mafi yawan filin daga wuraren ajiye motoci na gefen titi aka karɓe shi, kuma masu motoci sun yi ƙorafi sosai.

Kuɗin aikin kusan Yuro miliyan 32 ne. Cikin 'yan shekaru tafiye-tafiyen keke suka kai kusan 70,000 a rana, wato kimanin kashi 6 cikin 100 na zirga-zirgar birnin. A daidai wannan lokaci Sebil ta buɗe layin jirgin ƙasa na cikin gari a 2009, mai tsawon kilomita 18, wanda ya ci fiye da Yuro miliyan 600, kuma fasinjojinsa na kullum ba su kai yawan tafiye-tafiyen keken ba. Wannan ba ya nufin jirgin banza ne. Yana nuna irin nisan da kuɗi kaɗan ke kaiwa idan aka zuba su a inda ya dace.

Abu biyu ne a labarin Sebil suka shafe mu kai tsaye. Na farko zancen zafi, wanda shi ake fara jefo wa duk wanda ya ambaci keke a Arewa. Zafi gaskiya ne, amma abin da ya hana mutanen Sebil hawa keke a dā tsoron mota ne, da aka cire tsoron suka hau duk da ranar. Kuma ba sai an je Turai ba. Wagadugu ta fi Sebil zafi, amma kekuna da babura ne suka cika titunanta, maza da mata, kuma manyan titunan suna da layinsu daban. Maiduguri ma, bayan an hana babura a 2011, jama'a da yawa keke suka koma. Na biyu shi ne haɗuwar hanyoyin. Hanyar keke mai kyau ta kilomita ɗaya wadda ta ƙare ta jefa yaro tsakiyar tireloli kamar gada ce da ba ta kai gaɓa ba. Babu uban da zai bar ɗansa ya bi ta. Idan aka yi guntu ba a hau ba, sai a ce ga shi an gwada mutane ba sa so.

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kamfanin Raleigh ya yi masana'antar haɗa kekuna a Kano, kuma akwai lokacin da malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwa duk a keke suke zuwa aiki ba tare da jin an ƙasƙanta ba. Babur ne ya ture shi, sai fetur mai araha, sai titunan da suka ƙara faɗi da gudu har hawansa ya zama kasada. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Kekunan da suka yi shekaru a zaure suka fito, masu faci da masu gyaran keke suka sami aiki. Jama'a sun riga sun canja hanya da kansu. Titin ne bai canja ba. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja, wata rana bas ta ture shi cikin kwata. Kira da wa'azi ba sa maye gurbin hanya mai aminci.

Kashi 20 cikin 100

Saboda ƙananan ayyuka sukan sha kashi idan suka yi gogayya da manya a teburin kasafi, wasu wurare suka ga mafita ita ce a ɗaure wani kaso tun farko. A 2016 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙasashe shawarar su ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗin sufuri ga tafiyar ƙafa da keke. Ƙasar Ayilan ta ɗauki wannan a 2020: kashi 10 ga ƙafa, kashi 10 ga keke, Yuro miliyan 360 a shekara, ta kuma ce duk Yuro ɗaya da za a kashe a sabon titi, biyu za a kashe a sufurin jama'a. Amfanin irin wannan alkawari shi ne ƙananan hukumomi sun san kuɗin na zuwa bana da baɗi, sai su ɗauki injiniyoyin da suka iya aikin su tsara na shekaru.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Birnin Nairobi ya riga Ayilan: tun 2015 ya amince da manufar ware kashi 20 cikin 100 na kuɗin tituna ga masu ƙafa da keke, aka yi ta yaba masa. An gyara wasu tituna a tsakiyar gari, amma unguwannin talakawa, inda dubban ma'aikata ke tattaki kowace safiya zuwa yankin masana'antu, ba su ga canjin da aka yi tsammani ba. A 2022 kuma aka buɗe babbar hanyar sama ta Nairobi mai kilomita 27, wadda wani kamfanin Sin ya gina, ake biyan kuɗi kafin a hau, kuma ta ci ɗaruruwan miliyoyin daloli. Gwamnatin tarayyar Kenya ce ta kawo ta, ba ta aljihun birnin ta bi ba. Kashi 20 na ƙaramin aljihu ba ya gogayya da babban aljihun da ba a ɗaure shi da komai ba.

Adis Ababa ta ba da wani darasin. Ta fitar da tsari na 2019 zuwa 2028 da burin kilomita 600 na hanyoyin ƙafa da 200 na keke, kuma daga 2024 aka ga faffaɗan hanyoyi masu fitilu da itatuwa sun bayyana cikin gaggawa. Amma an rushe tsofaffin unguwanni irin su Piyasa, aka kwashe mazaunansu zuwa bayan gari. Talakan da aka yi hanyar ƙafar da sunansa yanzu yana nesa da ita, yana biyan kuɗin mota mai yawa don ya zo aiki. Duk wanda ke goyon bayan wannan tafiya dole ya tambayi wa za a tasa, kuma ina za a kai shi.

Abin da kuɗin ke saya

Idan aka ce a kashe kuɗi a kan tafiyar ƙafa, wasu sukan zaci ado ake nufi, a shimfiɗa intalok a gaban gidan gwamnati. A garuruwanmu abu na farko kwata ce. Gefen titi da yawa buɗaɗɗiyar kwata ce cike da leda, mai tafiya ba shi da zaɓi sai ya sauka kan kwalta ya haɗa kafaɗa da 'yan sahu. Rufe ta da murfin kankare mai ƙarfi, wanda za a iya ɗagawa a yashe, yana samar da hanyar ƙafa, yana kuma rage ambaliya da damina. Na biyu inuwa. Layin darbejiya a gefen titi shi ke bambanta tafiyar da za a iya yi da azahar da wadda ba za a iya ba, kuma abin takaici itatuwan nan su ake fara sarewa idan za a faɗaɗa hanya. Na uku fitila, wadda ga mata da 'yan mata masu dawowa daga Islamiyya ko asibiti da dare ita ce tsaro, musamman a zamanin ƙwacen waya. Da yake mata a yawancin garuruwan Hausa ba sa hawa keke, rabonsu a wannan kasafi yana cikin hanyar ƙafa da fitila da motar haya mai mutunci. Tsarin da ya tsaya a keke kaɗai ya bar su a baya.

Na huɗu, kuma wanda ya fi ceton rai, shi ne rage gudu a inda mutane ke tsallakawa. Idan mota ta buge mutum tana gudun kilomita 30 a sa'a, kusan tara cikin goma sukan rayu. Da gudun ya ƙaru, damar rayuwa takan faɗi da sauri ƙwarai. Shi ya sa taron ministoci na duniya kan kiyaye haɗura da aka yi a Stockholm a Fabrairun 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da masu ƙafa. Allo kaɗai ba ya sa direba ya rage gudu. Abin da ke sa shi shi ne siffar titin: wurin tsallakawa da aka ɗaga ya zama tudu mai faɗi, tsibiri a tsakiya inda mutum zai tsaya ya huta kafin ya ƙarasa, da kwana da aka matse. Unguwanni da yawa da kansu suke tara ƙasa ko siminti su yi tudu bayan mota ta kashe yaro. Wannan aikin hukuma ne, kuma ya kamata a yi shi a ƙofar kowace makaranta da kasuwa da asibiti kafin a yi rashin.

Akwai kuma masu kasa kaya. Duk hanyar ƙafar da aka yi kusa da kasuwa, washegari mai lemo da mai gwanjo da mai shayi sun hau. Korarsu da bulala ba ta taɓa ɗorewa ba, domin ciniki yana inda ƙafa take. Abin da ke aiki shi ne a yi hanyar da faɗi, a shata musu wurinsu a bar wa masu wucewa nasu, a kuma hana motoci hawa kai, don su ne suka fi cinye ta.

Wanda gidansa ke Rijiyar Zaki aikinsa ke Bompai ba zai taka ba, mota yake buƙata. A nan gwamnatocin jihohi suna da wata al'ada: a sayo bas-bas, a jera su a fili, a ƙaddamar. Bayan shekara biyu ko uku rabinsu na kan duwatsu, saboda an ware kuɗin saye ba a ware na gyara da kayan gyara da albashi ba. Ga shi kuma bas ɗin da ke maƙale a gosulo ɗaya da kowa ba ta da abin da za ta fi ɗan sahu da shi. Abin da ke canja lissafi shi ne a ba ta layinta ita kaɗai. Bogota, babban birnin Kolombiya, ta yi haka a zamanin magajin gari Enrique Peñalosa: ta ajiye shawarar gina manyan hanyoyin sama, ta buɗe layin bas na TransMilenio a Disambar 2000, ta gina ɗaruruwan kilomitoci na hanyar keke, wani ɓangare na kuɗin daga harajin da aka ɗora wa fetur. Legas ta buɗe nata a Maris na 2008, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS, a kan kusan dala miliyan 1.7 kowace kilomita, ba da daɗewa ba yana ɗaukar kusan mutum 200,000 a rana. Darussalam ta bi a 2016, Dakar ta fara nata mai aiki da lantarki a 2024. A kwatanta da jirgin cikin garin Abuja, wanda ya ci fiye da dala miliyan 800, aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, sai 2024 ya dawo, kuma tashoshinsa da yawa suna nesa da inda jama'a ke zaune.

Wani abin lura a layin bas na Legas shi ne an jawo ƙungiyar direbobi cikin tafiyar tun farko, suka zama masu gudanar da bas-bas ɗin. Wannan babban batu ne ga Kano. Adaidaita sahu, wanda ya shigo a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau don ɗaukar mata, ya mamaye gari bayan an hana acaɓa a Janairun 2013, kuma yau dubban gidaje da shi suke cin abinci. Duk ranar da 'yan sahu suka yi yajin aiki, gari tsayawa yake. Tsarin bas da ya ɗauke su abokan gaba ba zai je ko'ina ba. Wurinsu yana nan: su kwaso fasinja daga lunguna zuwa tashar bas, bas ta yi doguwar tafiyar. Kuma kowane fasinjan bas da ƙafa yake zuwa tasha, da ƙafa yake barinta, don haka kuɗin layin bas da bai haɗa da hanyoyin ƙafa na kewayen tashoshi ba bai cika ba.

Game da inda ƙarin kuɗi zai fito, birane da dama daga motar kanta suke karɓa. Landan ta fara cajin shiga tsakiyar gari a Fabrairun 2003, doka ta ce ribar a harkar sufuri za a kashe ta. Nottingham ta sa haraji a wuraren ajiye motoci na manyan ma'aikatu a 2012, ta faɗaɗa layin jirginta da shi. A wurinmu ana karɓar kuɗi kullum daga 'yan sahu da tashoshi da masu ajiye mota a bakin kasuwa. Da za a ɗaure wani kaso nasa a ce na gyaran fitila da yasar kwata da fentin wurin tsallakawa ne, a kuma riƙa bayyana abin da aka tara, da mai biya ya ga inda kuɗinsa ya shiga.

Wa ke riƙe da lalitar?

A Sebil ko Bogota akwai magajin gari da majalisar birni, su ke da kasafin, su ake tuhuma. Kano ba ta da wannan. Ƙwaryar birnin da kewayenta a rabe suke tsakanin ƙananan hukumomi takwas: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo. Wasu manyan hanyoyin na tarayya ne, yawancin na cikin gari na jiha ne, KNUPDA na kula da tsara gari, KAROTA na kula da zirga-zirga. Titi guda zai iya zama kwaltarsa ta wani ce, fitilarsa ta wani, kwatarsa ta wani, mai tafiya a gefensa kuma ba na kowa ba.

Amma kundin tsarin mulkin 1999 bai bar abin a duhu ba. Jadawalinsa na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai ginawa da gyara tituna da layuka, fitilun kan hanya, magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa, da kafa kasuwanni da tashoshin mota, har da ba da lasin keke da baro da amalanke. Wato kusan duk abin da mai ƙafa ke buƙata aikin ciyaman da kansiloli ne. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.6 cikin 100 na kuɗin asusun tarayya, sai dai shekara da shekaru ta asusun haɗin gwiwa da jiha kuɗin ke bi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye, ko da yake aiwatarwar ta yi ta tafiyar hawainiya. Idan kuɗin ya iso hannunsu, murfin kwata da fitila da tudun ƙofar makaranta ayyuka ne daidai ƙarfinsu, kuma kansila maƙwabcinku ne, kun san ƙofar gidansa.

A matakin jiha, yawancin jihohi yanzu suna sa kasafinsu a intanet, tare da rahoton abin da aka kashe duk wata uku. Ku nemi shafin manyan ayyuka na ma'aikatar ayyuka da ta sufuri. Ku tara kuɗin gadoji da faɗaɗa tituna gefe guda, ku tara na hanyoyin ƙafa da fitilu da magudanai da bas gefe guda, ku ga tazarar. Sannan ku duba rahoton wata uku-uku, domin abin da aka rubuta daban, abin da aka saki daban, kuma idan kuɗi ya yi ƙaranci ƙananan layukan nan ake fara yankewa. Idan aka sanar da sabon titi a unguwarku, ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci ko ƙungiyar iyaye da malamai za su iya neman ganin zanen kafin a kawo katafila: mita nawa aka bar wa mai ƙafa a kowane gefe, kwatar a rufe take ko a buɗe, ina wuraren tsallakawa, itatuwa nawa za a sare kuma nawa za a dasa, wa zai gyara fitilar idan ta mutu. Majalisar jiha takan yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan kasafi kafin ta amince da shi, galibi tsakanin Nuwamba da Disamba, kuma ƙungiyar unguwa tana da damar miƙa takardarta a wurin kamar kowace ƙungiya.